Littafin bashi da wayar hannu: Abin da ya kamata ɗan kasuwar Diffa ya sani game da kwamfuta

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar tattasai ta garin Diffa a lokacin kaka ya san abu biyu ne ke fara tarbarsa: yajin da ke shiga hanci har sai mutum ya yi atishawa, da buhunan jan tattasai da aka jibge kamar dalar gyaɗar Kano ta da. Abu na uku sai an lura. Kusan kowane dillali waya na hannunsa. Da ita yake jin yadda farashi ya kwana a Maiduguri da Kano, da ita yake ɗaukar hoton kaya ya tura wa mai saye, da ita kuma yake sanin ko kuɗinsa sun shigo.

Amma ka tambaye shi ko yana aiki da kwamfuta, zai ce maka a'a, wannan ai ta 'yan ofis ce da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji. Alhali kuwa Tecno ko Itel ɗin da ke aljihunsa kwamfuta ce cikakkiya, wadda ta fi manyan na'urorin da ake gani a ofisoshi shekaru 25 da suka wuce ƙarfi nesa ba kusa ba. Yana magana da ita, yana karɓar kuɗi da ita. Aiki guda ne bai damƙa mata ba, kuma shi ne wanda jarinsa ya rataya a kai: lissafin wanda yake bi da wanda ke binsa. Wannan har yanzu yana cikin wani tsohon littafin makaranta da aka naɗe a leda, ko kuma a cikin kansa.

Kasuwar da ke tafiya kan bashi

Kogin Komadugu Yobe, wanda ruwansa ke fitowa daga kogunan Haɗeja da Jama'are, shi ne iyakar Nijar da Najeriya na tsawon kilomita kusan 150 kafin ya faɗa Tafkin Chadi. A gaɓarsa, daga wajajen Maine Soroa zuwa Shetimari, Diffa, Geskeru har Bosso, ake noman tattasan da ake yi wa kirari da jan zinare. Ana busar da shi, a ɗura a buhu mai nauyin kilo 17 ko kusa da haka, akasarinsa kuma Najeriya yake nufa. Wani rahoto da ƙungiyar Oxfam ta fitar a 2017 ya ƙiyasta cewa kafin rikicin Boko Haram, tattasai da bandar kifi na shigo wa yankin da sefa biliyan 28 a shekara.

Kuɗi ne masu yawa, sai dai ba hannu da hannu suke yawo ba. Manomi na karɓar taki da man injin ban-ruwa a hannun ɗan kasuwa tun farkon shuka, da alkawarin zai biya da buhuna idan an fara tsinka. Ɗan kasuwa na loda wa abokin hulɗarsa na ƙetaren kogi kaya, a kan sai an sayar a turo. Mai mota na bin kuɗin dako, masu ɗinkin buhu da 'yan lodi na bin nasu. A tsakiyar kaka, babban kason dukiyar dillali ba ta cikin shagonsa, tana hannun mutane, shaidarta kuwa shafukan littafin nan ne.

To ga abin da shekaru goman da suka gabata suka yi wa takarda a wannan yanki. Ranar 6 ga Fabrairun 2015 aka kai hari Bosso da Diffa, kwanaki kaɗan bayan haka gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci. Aka hana hawa babur, aka taƙaita sayar da mai da taki, aka dakatar da cinikin tattasai da kifi bisa zargin cewa mayaƙan na samun kuɗi ta nan. Sai a watan Oktoban 2017 aka ɗage haramcin tattasai, na kamun kifi kuwa sai Maris ɗin 2019. Ƙauyuka da dama na bakin kogi sun tashi sun koma gefen babbar hanya mai lamba ɗaya, wasu da dare suka fita da abin da ke jikinsu kawai. Bayan haka sai ruwa: Komadugu ya yi ambaliya a 2019, ya sake a 2022, ya kuma sake a 2024. Wanda ruwa ya ci ɗakinsa, tabarma da tukunya zai iya sayen wasu. Littafin bashin da ya jiƙe ya narke kuwa babu kasuwar da ake sayar da irinsa.

Rubuta bashi ba baƙon abu ba ne a wurin mutanen nan, tunda aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kansa take magana. Abin da ya rage shi ne a ina za a rubuta, yadda ruwa da gobara da gudun hijira ba za su tafi da shi ba. A nan ne sanin yadda kwamfuta ke aiki yake da amfani, ko da mutum bai taɓa zama a aji ba.

Aiki huɗu kawai take yi

Kowace kwamfuta, daga wayar hannu zuwa manyan na'urorin banki, abu huɗu take yi: ta karɓi bayani, ta sarrafa shi, ta adana shi, ta fito da sakamako. Shagon dillali ma haka yake tafiya. Kaya na shigowa ta ƙofa, akawu ya ƙirga ya auna, a kai sito, idan mai saye ya zo a fito masa da su.

Ƙofar shigowa a kwamfuta ita ce maɓallan rubutu, fuskar wayar da ake latsawa, kyamara da makirufo. Akawun shi ne firosesa, wani ɗan guntun abu da bai kai farcen babban yatsa ba, wanda ke yin lissafi sau biliyoyi a cikin daƙiƙa guda. Ƙofar fita kuwa ita ce allon da ake kallo, lasifika, da firintar da ke buga rasit.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne wajen ajiya, domin iri biyu ce. Akwai wadda ake kira RAM, wadda ta yi kama da tabarmar da akawu ke baza kaya a kai yayin da yake ƙirga. Idan tabarmar ƙarama ce, aiki zai riƙa tafiyar hawainiya, shi ya sa waya mai ƙaramin RAM ke daskarewa idan an buɗe manhajoji da yawa. Da zarar na'ura ta mutu kuma, duk abin da ke kan tabarmar ya tafi. Sai kuma ma'ajiya ta dindindin, wato siton, inda hotuna da saƙonni da takardu ke zama ko da an kashe na'urar. Wanda ya shafe awa guda yana shigar da lissafi a kwamfutar tebur, aka ɗauke wuta kafin ya latsa wurin adanawa, ya bar kayansa ne a tabarma bai kai su sito ba.

Duk waɗannan gangar jiki ce, wato abin da hannu ke iya taɓawa. Abin da ke ba ta umarni shi ne manhaja. Akwai uwar manhaja da ke tafiyar da gidan baki ɗaya, kamar Android a yawancin wayoyi ko Windows a yawancin kwamfutoci, sannan akwai ƙananan da ke zama a ƙarƙashinta kowacce da aikinta, irin su WhatsApp da Excel.

Wani abin da zai ba mutane da yawa mamaki shi ne rubutu ba ya cin wuri. Megabait ɗaya na ɗaukar haruffa kusan miliyan guda. Ke nan lissafin cinikin shekara cur na babban dillali, da sunaye da ranaku da adadi, bai kai nauyin bidiyon biki na minti ɗaya da ake turawa a zaurukan WhatsApp ba. Masu cewa wayarsu ta cika ba ta da wurin lissafi, bidiyon ne ya cika ta.

Sito na uku shi ne wanda ba ya cikin wayar kwata-kwata. Ana iya ajiye kwafin bayani ta intanet a manyan na'urorin kamfanoni da ke wasu ƙasashe. Google, alal misali, na bai wa duk mai adireshin Gmail wurin ajiya na gigabait 15 kyauta. Idan wayar ta faɗa kogi, mai ita zai shiga wata da adireshinsa da lambar sirrinsa ya tarar da kayansa. Matsalar da aka fi samu ita ce, sau da yawa yaron shagon da aka sayi wayar shi ne ya buɗe adireshin cikin gaggawa, mai wayar bai san sunansa ba balle lambar sirrin. Irin wannan siton yana nan, amma mabuɗinsa ya ɓata tun ranar farko.

Dala, jika da naira

Kwamfuta ba ta san kasuwar Diffa ba, abin da aka zuba mata shi take lissafawa. A nan kuwa akwai tarko da ba a samu a Kano. Mutumin Nijar da dala yake ƙirga, dala ɗaya kuma sefa biyar ce. Idan ya ce dala ɗari, sefa 500 yake nufi, jika ɗaya kuma sefa 1,000. Yaron da aka ɗora a kan na'ura, aka ce masa ya rubuta ɗari biyu, ya rubuta 200 maimakon 1,000, ya rage kuɗin gida biyar ya bar ɗaya, na'urar kuma za ta tara masa kuskuren cikin natsuwa har ƙarshen shekara. Dole tun farko a yanke shawara da wane ma'auni za a riƙa rubutu, a kuma tsaya a kansa.

Haka nan batun harshe. Kwamfutar da aka sayo daga Yamai ko Damagaram akasari da Faransanci take, jerin maɓallanta ya bambanta da wadda aka sayo a Kano, kuma tana raba ɓarin lamba da waƙafi inda ta Ingilishi ke sa ɗigo. Wanda ya koyi Excel a Maiduguri zai rubuta SUM don tara lambobi, ta Faransanci kuwa SOMME ta sani. Ƙananan abubuwa ne, amma su ne ke sa mutum ya yi zuciya ya koma wa littafinsa.

Babban abin da ya sa wahalar ta cancanci a sha ta shi ne naira. Diffa gari ne mai kuɗi biyu, an daɗe ana ciniki da naira a kasuwanninsa kamar yadda ake yi da sefa. Sefa a ɗaure take da yuro, kowane yuro ɗaya sefa 655.957, ita kuwa naira tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 take ta tangal-tangal. Dalar Amurka da ake canzarwa a hukumance kan kusan naira 460 a watan Mayun 2023, ta haura naira 1,500 a Fabrairun 2024.

A ɗauki misali, alƙaluman na kwatance ne kawai. Dillali ya sayi buhu 40 a kan jika 30 kowanne, sefa 1,200,000 ke nan. Kuɗin mota da lodi da sauran ɗawainiyar hanya suka ci 150,000, jimla 1,350,000. Ya sayar a ƙetare kan naira 90,000 kowane buhu, ya tashi da naira 3,600,000. Idan ranar ana canjin jika ɗaya a naira 2,500, kuɗinsa sefa 1,440,000 ne, ribarsa 90,000. Amma idan mai sayen ya yi mako uku bai biya ba, jika ta koma naira 2,700, kuɗin nan sun zama sefa 1,333,000 da 'yan kai. Ya faɗi da kusan 17,000, alhali ko sisin naira ba a rage masa ba. Da yawa sai ƙarshen kaka suke jin jari ya yi sauƙi ba su san ta inda ya zurare ba.

A manhajar lissafi irin Excel ko Google Sheets, waɗanda dukansu ke aiki a wayar hannu, gida ɗaya ake ware wa farashin canji. Ana sauya lambar da ke cikinsa, duk sauran lissafin zai sauya da kansa, mutum ya ga nawa jinkirin kowane mako ke ci masa kafin ya yarda ya ba da kaya bashi. Kalkuleta ma za ta iya wannan, sai dai ba ta tuna abin da aka yi jiya.

Kuɗi ba sa bin mota kuma

Inda fasaha ta riga ta samu karɓuwa ba tare da an roƙi kowa ba shi ne aika kuɗi. Tsakanin Diffa da Yamai kilomita sama da 1,300 ne, kuma ɗaukar damin kuɗi a jaka a yankin da ake garkuwa da mutane kasada ce da rai. Kamfanonin aika kuɗi irin su Nita, Al Izza da Amana, da asusun waya irin Airtel Money, sun rage wannan. Abin da ke faruwa a bayan kanta shi ne dai aikin nan huɗu: ma'aikaci ya shigar da suna da adadi, babbar na'urar kamfani ta rubuta ta adana, reshen da ke can ya ga saƙo ya biya. Takardar kuɗin da aka miƙa a Diffa ba ta motsa ba, bayani ne ya yi tafiya.

A ɓangaren Najeriya kuwa, ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya tura hatta masu gardama ga tiransifa da na'urar POS. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, har zuwa buɗe ta a Maris ɗin 2024, waya ce ta riƙe zumuncin ciniki tsakanin abokan hulɗa da ba sa iya ganin juna.

Sai dai ɓarayi ma sun koyi karatun. Akwai saƙon bogi mai kama da na shigar kuɗi, akwai mai kira ya ce ya turo kuɗi bisa kuskure a mayar masa, akwai mai cewa daga kamfani yake a karanto masa lambobin da suka shigo yanzu. Maganin na farko shi ne a duba abin da ke cikin asusu, kada a tsaya ga saƙo ko hoton rasit. Lambar sirri kuma babu ma'aikacin gaskiya da zai nema. Wani abin da ya keɓanci yanki irin wannan shi ne, wayar da ke ɗauke da lissafin dukiyar mutum, idan ta faɗa hannun da bai dace ba a hanya, ta zama shaida a kansa. Saboda haka kulle waya da lamba wajibi ne, kuma ya fi kyau cikakken lissafin ya zauna a na'urar da ba a yawo da ita.

A cikin gari, shagunan magani da manyan kantuna da masu kwangilar kai wa ƙungiyoyin agaji kaya sun riga sun wuce nan. Mai neman irin wannan kwangila sai da lambar haraji ta NIF, da adireshin imel, da takardar farashi da aka buga. Tun farkon shekarun 2020 kuma hukumar haraji ta DGI ta shigo da tsarin SECeF, inda 'yan kasuwar da dokar ta shafa ke fitar da rasit ta na'ura ko manhajar da hukumar ta amince da ita, bayanin cinikin kuma ya wuce kai tsaye zuwa gare ta, a ƙasar da harajin TVA yake kashi 19 cikin 100. Wanda ba ya son kwamfuta, haraji zai kawo masa ita har shago.

Wuta, zafi da ƙura

Kafin rikicin, Diffa na samun lantarki daga Najeriya ta layin Damasak. Da aka rasa wannan, sai aka dogara da injunan kamfanin NIGELEC. Duk wanda zai sayi na'ura a nan, da ɗaukewar wuta ya kamata ya fara lissafi. Kwamfutar tafi-da-gidanka ta fi ta tebur dacewa, saboda batirinta na riƙe aiki idan an ɗauke, kuma cajarta ba ta cika wuce wat 45 zuwa 65 ba, abin da ƙaramin faifan sola da batir za su iya ɗauka. A watannin Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, alhali kamfanin Apple, misali, ya ce wayoyinsa an yi su ne don aiki a ƙasa da digiri 35. Wayar da ake caji a rana a kan buhu, batirinta ba zai yi tsawon rai ba. Ƙurar hunturu na toshe wa kwamfuta hanyar iska. Ga mai yawan tafiya a hanya mai gargada kuma, ma'ajiya irin ta SSD ta fi tsohuwar mai faifan da ke juyawa juriya, domin babu abin da ke motsi a cikinta.

Layin sadarwa ma ba abin dogaro ba ne ɗari bisa ɗari. Mutanen ƙetaren kogi ba su manta da watan Mayun 2013 ba, lokacin da aka katse layukan waya a Borno da Yobe da Adamawa saboda dalilan tsaro, Borno ta shafe watanni a haka. Shi ya sa manhajar da ke aiki ba tare da intanet ba, ta tura kwafi idan layi ya dawo, ta fi wadda sai da data take buɗewa. Akwai dai alamun sauƙi: aikin shimfiɗa wayar intanet ta ƙarƙashin ƙasa mai tsawon kilomita 1,031 da Bankin Raya Afirka ya tallafa wa ya haɗa da reshen Diffa zuwa Ngigmi zuwa iyakar Chadi, sannan Starlink ya fara aiki a Nijar a 2025, ko da yake kuɗinsa sai ofis ko ƙungiya.

A gona kuwa, ƙungiyar RECA mai haɗa majalisun manoma na jihohin Nijar na amsa tambayoyin manoma ta kiran waya da zaurukan WhatsApp a harsunan gida, inda mutum zai ɗauki hoton ganyen da ya naɗe ya tura da saƙon murya. Wannan ya dace da wurin da mutane da yawa ke jin Barbarci da Hausa amma ba sa karanta Faransanci. Ɗan Nijar ɗin nan Abdou Maman Kané ma ya ƙirƙiro hanyar kunna ban-ruwa daga nesa ta wayar hannu, abin da ya ba shi kyautar ruwa ta duniya ta Sarki Hassan na Biyu a 2015.

Amma dillalin da bai shirya wa Excel ba, akwai abin da zai iya farawa da shi yau ba tare da ya koyi sabon abu ba. Kowace ranar Talata bayan an tashi daga kasuwar Diffa, ya ɗauki hoton shafukan da aka rubuta a makon, ya tura wa amintaccen ɗan uwansa da ke Damagaram ko Maraɗi. Adireshinsa na Gmail da lambar sirrinsa ya sa a rubuta masa a takarda, ya ajiye inda magadansa za su samu, domin an fara ganin gidajen da mai gida ya rasu ya bar kuɗi da lissafi a cikin wayar da babu wanda ya iya buɗewa. Layin wayarsa kuma ya tabbatar da sunansa aka yi masa rajista, don idan ya ɓata a iya dawo masa da shi. Sannan ya gwada: ya ajiye wayarsa gefe, ya ari ta ɗansa, ya ga ko zai iya fito da lissafin watan jiya daga cikinta. Gara a yi wannan gwaji kafin watan Oktoba, lokacin da Komadugu ke fara tumbatsa.